Filin Shawara: Jikan da ya yi shiru, baƙuwar da ke tsoron fita, da rigar da aka raba da mai ita

Wasiƙun wannan makon daga Jos da kewaye suka fito. Kamar kullum na ɓoye sunaye, na kuma rage inda aka tsawaita.

Jikana ya daina yi mini hira

*Hajiya, barka da aiki. Ni dattijo ne, na haura saba'in, ina zaune a Bukuru. Ɗana yana aiki a birnin Houston na Amurka, can aka haifa masa yaro aka sa masa sunana. Yanzu shekararsa goma. Duk ranar Lahadi sukan kira ni ta bidiyo, kuma da an miƙa wa yaron waya ba shi da zance sai na wani wasa wai shi besbol. Ya nuna mini sanda, ya nuna mini wata ƙatuwar safar hannu ta fata, ya yi ta zuba. Ni kuwa mutumin ƙwallon ƙafa ne, tun zamanin Mighty Jets nake shiga fili. Kwanaki na ce masa, "Takwara, wannan ai ba wasa ba ne, nemi tamaula ka buga kamar 'ya'yan mutane." Tun daga ranar gaisuwa kawai yake yi ya miƙa wa uwarsa waya. Abin yana damuna. Ta ina zan fara?*

*Dattijo daga Bukuru*

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Na san a wurinka maganar ba ta wuce tsokanar kaka da jika ba. A nan gida yaro yakan tashi ya tarar kakansa abokin wasansa ne, a tsokane shi ya rama, a yi dariya a watse. Takwaranka bai tashi cikin wannan al'adar ba. Abin da ya fi ƙauna ya ɗauko ya kawo gabanka, ya ji ka kushe, sai ya ɗauka da gaske kake yi. Gyaran ba shi da wuya, amma kai ne za ka fara. Ba dole sai ka so wasan ba, ka dai san shi gwargwadon da za ka iya yin tambaya.

Ga yadda ake yinsa. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum tara a fili. Ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaro, sannan su yi musanya. Akwai tasha huɗu a kusurwa huɗu, tsakanin kowace da mai bi mata ƙafa 90 a wasan manya, ƙafa 60 a na yara sa'o'in jikanka. Mai jifa yana tsayawa a tsakiya ya wurgo ƙwallo da ƙarfi, mai sanda ya yi ƙoƙarin make ta. In ya same ta sai ya yar da sanda ya ruga tasha ta farko, kafin masu tsaro su tsinto ƙwallon su riga shi kai ta can. Wanda ya zagaye tashoshin nan ya dawo inda ya taso, ya ci wa ƙungiyarsu maki ɗaya. Duk wanda ya yi langa yana yaro ya san daɗin isa wurin sha ana biye da shi a guje. To, irin wannan daɗin yaron ke ji. Mai sanda in ya kuskure jifa mai kyau har sau uku ya fita, haka in aka cafe ƙwallonsa a sama kafin ta taɓa ƙasa. Da mutum uku sun fita sai a juya, masu tsaro su koma bugu. Manya zagaye tara suke yi, yara shida. Babban abin murna shi ne a doka ƙwallo ta tsallake katangar fili, mai bugun ya zagaya a natse babu mai tare shi.

Akwai abin da nake so ka riƙe. Samun ƙwallon nan da sanda yana da wuya ƙwarai, har a cikin ƙwararru wanda ke dacewa sau uku cikin goma gwani ake kiransa. Ka ga ke nan yaro ɗan shekara goma ya fi yawan komawa benci kansa a sunkuye. Irin wannan yaron yana bukatar babba da zai tambaye shi yadda wasan jiya ya kaya, ya saurare shi har ya gama.

Ranar Lahadi mai zuwa ka ce a ba ka shi. Ka ce masa wasa kake yi ran nan, haka kakanni suke yi a garinsu. Sannan ka tambaye shi a ina yake tsayawa in suna tsaro, da dama yake bugu ko da hagu, wane ɗan wasa ya fi burge shi. Ƙungiyar garinsu sunanta Astros, kuma ga wata gada da za ku haɗu a kanta: a 2017 Astros ta ɗauki kofin gasar Amurka karo na farko a tarihinta, a shekarar ce kuma Plateau United ta ɗauki kofin gasar Najeriya karo na farko, ƙarƙashin koci Kennedy Boboye. Daga nan hanya ta buɗe maka. Ka ba shi labarin Mighty Jets, wadda ita ce ta lashe gasar ƙasa ta farko a 1972, da su Sam Garba da Isma'ila Mabo da ka gani da idonka. Ka gaya masa Mikel Obi da Ahmed Musa a garin kakansa aka haife su. In ya tambaya ko ana besbol a Najeriya, ka ce ana yi, har da fili na musamman a Ilori, kuma a wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003 Afirka ta Kudu ce kaɗai ta sha gabanmu.

Hulunan hana-salla masu haruffan NY da samarin kasuwar Terminus ke yawo da su, tambarin ƙungiyar besbol ce ta New York mai suna Yankees, da yawansu ba su ma sani ba. Kada ka sa wannan, abokan hamayyar su jikanka ne. Ka sa a duba maka 'yan gwanjon kasuwar Katako ko za a dace da mai harafin H a kan tauraro, in ba a samu ba uban ya aiko. Ka ɗora ta na minti biyar lokacin kiran. Girmanka ba zai zube ba.

Wata biyu ina cin taliyar leda a ɗaki

*Anti, ni 'yar hidimar ƙasa ce daga Sakkwato, an turo ni wata makaranta a Jos. Kafin in taho 'yan gidanmu sun ja mini kunne sosai: kada in shiga ko'ina, kada in ci abincin kowa. Yau wata biyu daga makaranta sai ɗaki, abincina taliyar leda da shayi. Na rame, ga sanyi, ga kewar gida. Abokan aikina suna gayyata ta cin abinci ina ta kawo uzuri, har sun fara cewa girman kai ne da ni. Don Allah ina mutum zai ci abinci mai kyau a garin nan hankalinsa kwance?*

*Baƙuwa daga Sakkwato*

'Yata, sannu da zuwa, sannu da haƙuri. Iyayenki ba su yi laifi ba. Jos ta ga tashin hankali a Satumban 2001, da Nuwamban 2008, da Janairun 2010, ga bama-baman da suka tashi a Terminus a watan Mayun 2014. Abin ya bar tabo, har unguwanni da yawa suka rabu bisa addini. Ba zan ɓoye miki wannan ba. Amma mutanen da kike gani suna cika Terminus kowace safiya, Birom da Hausawa da Afizere da Anaguta da Ibo da Yarabawa, ciniki suke yi da juna, kuma in rana ta take abinci suke nema. Ki fita da rana, ki tafi da wanda ya san gari, ki dawo kafin dare ya yi. Ranar da kika ji gari babu daɗi ko an sa dokar hana fita, ki zauna a ɗaki. Iyakar ƙa'idar ke nan, mu ma da ita muke zaune.

Tunda kewar gida ke damunki, ki fara da abin da harshenki ya sani. Kewayen babban Masallacin Juma'a da titin Bauchi nan ne cibiyar abincin Hausawa: tuwon shinkafa da miyar taushe ko ta kuka da rana, masa mai zafi daga tanda da safe, da yamma kuma tsire da balangu. Ga masu shayi da ƙwai da burodi, waɗanda a sanyin Jos ba ƙaramin taimako suke yi ba. Idan wurin zama kike so mai kujera da teburi inda za ku yi hira da ƙawaye, titin Ahmadu Bello yana da gidajen abinci na zamani, haka wajen tsohon filin jirgi da hanyar Rayfield, sai dai can aljihu ya fi jin jiki. Ranar Asabar kuma ku shirya ku je gidan tarihi, wanda aka buɗe tun 1952. Za ki ga mutum-mutumin Nok, da kwafin ganuwar Kano da na tsohon masallacin Zariya da aka gina da ƙasa. Kun yi yawon buɗe ido, kun kuma ci abinci a kusa.

Amma in kin shekara a nan ba ki ɗanɗani abincin 'yan ƙasa ba, kin yi asara. Ki nemi gwate, wanda ake yi da acca ko tsakin masara, a zuba alayyahu da yakuwa da gauta. Ya yi kama da faten da kika sani, ɗan tsamin yakuwar ne ke sa mutum ya ƙara. Akwai tuwon acca da kunun acca, ba su da nauyi a ciki. Dankalin Turawa kuwa kusa da gonarsa kike, daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi ake lodinsa zuwa sauran jihohi. Gwaten da ya fi daɗi a gidajen mutane yake, shi ya sa nake so ki amsa gayyatar abokan aikinki. Na fahimci abin da ke ranki ko da ba ki faɗa ba, wato maganar yanka. Ki tambaya kai tsaye cikin ladabi, naman mene ne, ina aka sayo. Mutanen Jos sun saba da wannan tambayar, ba wanda zai ji haushi. Inda zuciyarki ba ta kwanta ba ki ce a ba ki kifi ko ƙwai, ko a zuba miki babu nama. Uzurin ƙarya da kike ta kawowa shi ya fi ɓata musu rai.

Game da tsabta, idonki ya fi duk sunan da zan ba ki. Ki duba ruwan wanke kwanuka, ki duba ko abincin a rufe yake, ki zaɓi inda ake layi, domin tukunyar da ke ƙarewa da wuri ba ta kwana. Da damina ki ƙara kula da ruwan sha da ɗanyen ganye. Sannan ki sayi ƙaramar tukunya ki shiga kasuwar Farin Gada. Kabeji da karas da latas da koren wake da tumatir a nan ake sauke su, da kuɗi kaɗan za ki cika leda. Yarinya mai koyarwa tun safe ba za ta rayu a kan taliyar leda ba.

Yayana ya ci gasa da zanena

*Anti, shekarata goma sha tara, ina son zane tun ina firamare. Ƙungiyar ƙwallon unguwarmu ta sa gasar zana sabuwar riga, da kyautar kuɗi ga wanda ya yi nasara. Na yi sati biyu ina aiki a kai, na sa duwatsun Shere a ƙirji, na zaɓi launi. Da zan kai, yayana ya ce ba tsari ba ne mace ta shiga cikin samari, in ba shi ya miƙa mini. Ashe da sunansa ya miƙa. Zanen ya zo na ɗaya, an buga riguna, an ɗauke shi hoto, ana ta yaba masa a Facebook. Ya ba ni wani abu daga cikin kuɗin ya ce in yi shiru, ai duk gida ɗaya ne. Mama ta ce in bar maganar kada in kunyata shi. Duk ranar da na ga yaran unguwa sanye da rigar sai in shiga ɗaki in yi kuka. Ni ce mai son zuciya?*

*Mai zane daga cikin gari*

A'a 'yata, ba ki da son zuciya. Amana kika ba shi ya ci. Da ya ce zai miƙa miki, wakili ya zama, kuma wakili ba ya mallakar abin da aka aike shi da shi. Ina so ki fara jin wannan a fili, domin na lura duk wanda kika kai wa kuka haƙuri yake ba ki, babu wanda ya ce miki kina da gaskiya. Kina da ita.

Kuɗin zai ƙare, watakila ma ya riga ya ƙare. Sunan shi ne jarin. Mai zane da aikin da aka gani yake samun aiki na gaba. Gobe wata makaranta za ta so rigar wasanni, wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za ta so tambari, masu biki za su so zanen da za a buga a jaka, duk wurin wanda aka ce ya zana rigar nan za su nufa. Ranar da suka zo wa yayanki, ko dai ya dawo ya sake ɗora miki aikin a ɓoye, ko asirinsa ya tonu a gaban baƙi. Ki nuna wa Mama wannan. Kunyar da take gudar masa tana nan tafe, kuma ta yau ta fi sauƙi.

Kin san tutar Najeriya ma daga gasa ta fito? Wani ɗalibi ne mai suna Michael Taiwo Akinkunmi, yana karatu a Landan, ya ga sanarwa a jarida ya aika da zanensa. A 1959 aka zaɓi nasa, alƙalai suka cire jar ranar da ya sa a tsakiya suka bar kore da fari, aka ba shi fam 100. Sai a 2014 aka ba shi lambar girma ta ƙasa, ya rasu a 2023. Fam ɗarin nan ta daɗe da tafiya, amma har yau ɗan firamare yana haddace sunansa, saboda da sunansa ya aika. Kada kuma wani ya raina miki aikin riga. Ki tuna rigar Super Eagles ta 2018, wadda mutane suka yi ta layi a Landan don su saya, wadda Ahmed Musa ɗan garin nan ya ci Iceland ƙwallo biyu sanye da ita. Mutane ne suka zauna suka zana ta, kuma da wannan sana'ar suke ci.

Doka ma tana bayanki. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, zane na wanda ya ƙirƙire shi ne tun daga lokacin da ya sauke shi a takarda ko a kwamfuta, ba sai ya yi rajista ba. Ban kawo wannan don ki kai ɗan'uwanki kotu ba. Na kawo ne don ki san ba alfarma kike roƙo ba.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki tattara duk takardun gwajin da kika yi, da hotunan da ke wayarki masu ɗauke da kwanan wata, ki adana. Kada ki rubuta komai a Facebook ko a zauren WhatsApp na unguwa, domin abin da aka watsa a can ba ya kwasuwa, kuma za a bar zancen zane a koma zancen rashin kunyar ƙanwa. Ki sami yayanki shi kaɗai, lokacin da ransa ke sanyi. Ki ce, "Yaya, na gode da ka kai mini, amma ina so a san ni na zana." Ki ba shi ƙofar fita da mutuncinsa: ya je wurin shugabannin ƙungiyar da kansa ya ce zanen na ƙanwarsa ne, shi miƙawa ya yi, a gyara sanarwar. Mutane za su yaba masa a kan haka fiye da yadda yake zato. In ya ƙi, ki kai maganar gaban mahaifinku ko wani kawu da yake jin nauyinsa, ki baje takardunki. Kuɗin kuwa naki ne duka. In kin ga dama ki bar masa wani abu, kyauta ce kika yi, amma kada ki karɓi ko kwabo da sunan toshiyar baki.

Nan gaba ki miƙa aikinki da hannunki, ko ki tura ta waya da sunanki a jiki. In kunyar shiga cikin maza ce, ki tafi da wata babbar mace. Ki tambayi sharuɗɗa kafin ki shiga: wa zai yi alƙalanci, nawa ne kyautar, zanen zai koma mallakar wa bayan an gama. Ki kuma je shagon masu buga riguna ki ga yadda suke aiki. Za ki gane cewa a bugun allo kowane launi da nasa kuɗin, shi ya sa zane mai launi biyu ko uku ya fi samun karɓuwa, kuma lambar baya dole a iya karanta ta daga bakin fili. Masu shirya irin wannan gasa a unguwanni su ma ina roƙonsu su riƙa neman ganin takardun gwaji kafin su ba da kyauta, su kuma faɗa a sanarwa cewa mata na iya shiga.

Kai kuma yayanta, na san a irin gidajenmu jarida hannu da hannu take yawo, mai yiwuwa wannan shafin ya iso gare ka. Ƙanwarka ba ta ambaci sunanka ba, ba ta ambaci unguwarku ba, ta rufa maka asiri. Ka je wurin shugabannin ƙungiyar kafin wasanku na gaba ka gaya musu wadda ta zana rigar.